Zanen da Ba a Gada Ba

Shekara ashirin da uku ina zauren Baba Jatau,
ƙafa a lanƙwashe, baya a tanƙware,
ina ɗinka aska takwas a ƙirjin riguna
kamar yadda kakan kakansa ya ɗinka.
In allura ta kauce da faɗin ƙwayar gero
sai ya ce, "Tanimu, warware.
Ba haka aka gada ba."

Na warware. Na sha warwarewa,
har na iya aikin ido a rufe,
har hannuna ya zama na wani,
ni kuwa ɗan rakiya a bayansa.

Ran wata Laraba, ruwa ya ɗauke da hantsi,
na ajiye riga rabin aiki,
na fita ta Ƙofar Kuyambana ban sallami kowa ba.
Dawa ta kai ƙugu. Ƙasa na ƙamshi.
Kufena na can tsugune, jiƙe sharkaf,
bai kira ni ba, bai kuma kore ni ba.

Na cire takalmi na hau.

A sama na ga itace ya tsiro cikin tsaga,
inda ba ƙasar da za ta cika tafin hannu.
Wa ya ba shi izini?
Ya karkace, ya murɗe, ya nemi ranarsa,
ba mai ce masa warware.
Gansakuka ta shimfiɗa zanenta a kan dutse,
ba zagaye biyu da suka yi kama.
Ƙadangare ya dube ni ya gyaɗa kai,
ba don ya yarda da ni ba,
al'adarsa ce, kuma ta ishe shi.

Ruwa ya kwanta a wani ɗan kwarmi.
Na durƙusa in sha, sai ga fuska,
da gajimare a bayanta, da shaho yana ratsawa.
Na daɗe ban gaisa da mutumin nan ba.
Na ce, Wanda ya zana bayan kunkuru
da jijiyar ganyen kalgo,
Shi ya zana layukan yatsana,
kuma bai maimaita su a hannun kowa ba.
To don me nake zaman aro?
Kayan aro ba ya rufe katara.

Daga can birni ƙanƙane ne.
Ganuwa kamar bakin ƙwarya da ya guntule,
rimaye a tsaye, kowanne da inuwarsa.
Zauren da ya cinye ƙuruciyata
ban ma iya gano rufinsa ba.

Na sauko da magariba, da ganye ɗaya a aljihu.

Wata bakwai ina ɗinka shi,
da dare, a ɗakina, da zaren da na saya da kuɗina.
Saiwa mai tsaga dutse, da kwarmin ruwa,
da inuwar fiffike a gefe.
Dillalai suka juya ta suka yi dariya.
Wani ya ce, "Wannan ai ba ta da suna."
Kwana uku muna shan gari a gidana,
Asabe ba ta ce komai ba,
shirun nata ya fi dariyar ciwo.

Ran Juma'a na saka abata.

Baba Jatau ido ya yi rauni yanzu.
Ya kamo ƙirjin rigar a bakin zaure,
yatsunsa suka bi zaren a hankali,
suka ɓata, suka dawo, suka sake ɓata.
Ya ce, "Wa ya koya maka?"
Na ce, "Dutse."

Ya yi shiru har ladan ya gama kira.
Bai yaba ba.
Amma bai ce in warware ba,
kuma bai saki rigar ba.